Motar Da Ta Durƙusa Wa Baba

Ƙafafunsa ta fara gani, sun leƙo daga ƙarƙashin wata tsohuwar bas mai ruwan madara, ranar da ta kai janaretan gidansu gyara.

"Wai garejin nan babu kowa ne?"

Ya zamo ya fito, goshi duk baƙin mai. Yana kallonta sifana ta suɓuce ta faɗo masa a ƙafa. Tun ranar take kiransa Baƙin Mai, shi kuma yake ce mata Fitilata.

Bas ɗin gadon mahaifinsa ce, yana ji da ita kamar ƙwai. A cikinta suke hira, a nan ta ba shi labarin Babanta, tsohon tela mai zuciyar tsiya. Tunda gwiwa ta kama shi ya daina fita, wai gara zaman gida da a ɗaga shi kamar buhu a cusa a mota.

Sai ga Baƙin Mai ya tsiri rage wa bas tsawo. Kuɗin sababbin kaya babu, sai ya bi 'yan gwangwan ya samo gajerun shokozoba masu tare jijjigar mota, ya zare ganyayen ƙarfe daga sifirin da ke ɗage bayan motar.

Ranar da ya zo gaida Baba, bas ta maƙale a tudun rage gudu na ƙofar gidan, bututun hayaƙinta ya faɗi ƙasa. Baba na kan kujera yana kallo.

"Wannan ne? Wanda ya nakasa motar ubansa don gayu, shi zan ba 'yata? Ga ɗan aminina mai jif yana jira."

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta tura wa Baƙin Mai saƙo a waya: "Ka ba ni kunya. Ashe gayu ya fi ni a wurinka."

Amsa ta shigo: "Fitilata, zarce awo na yi. Auno min iya inda Baba ke ɗaga ƙafa shi kaɗai. Kar ya gani."

Ta karanta, ta sake karantawa, hawaye suka zubo. Da tef ɗin Baban ta auno dokin ƙofar ɗakinsa, ta tura.

Ranar ganin likita mai jif ya zo da fara'arsa, ya naɗe hannun riga zai ciccibi Baba.

"Kul! Kar ka taɓa ni."

Sai ga bas ta kunno kai. An mayar mata da ganye ɗaya, ta haye tudun a karkace ko gezau. Baƙin Mai ya zuge ƙofa, ya ja gefe ya goya hannu a baya.

Baba ya dubi bakin ƙofar, ya dubi saurayin. Ya dogara sanda, ya ɗaga ƙafa, ya shiga da kansa.

"Don ni ka yi wannan?"

"Ai dole ta durƙusa maka, Baba."

Tsoho ya juya yana gyaran hula, don kar a ga idonsa.

Ranar ɗaurin aure, kowa ya miƙo hannu sai Baba ya doke. Ya shige bas, ya zuge taga, ya ƙwala wa maƙwabta: "Motar surukina ce!" Sannan ya waiwayo kan amarya da ango.

"Allah Ya yi muku albarka. Yadda ka rufa min asiri, Allah Ya rufa naka. Ja mu je, ɗana."