Sarkin Murafen Lemo

Ranar da Najwa ta fara ganin Mudassir, gari ta tarar yana ƙonawa. Garin na kwali ne, an zana shi da biro, an shimfiɗa a kan benci a shagonsa na cajin waya da ke Gwarzo. Murafen lemo su ne mayaƙa. Daga garinsu Gammo ta zo kasuwa, ta biyo karɓar wayarta, sai ta tsaya kallo.

Dokar wasan ɗaya ce. Kowa zai riƙe ƙasa, kuma kafin a jefa ƙwayar ludo sai ya faɗi halin sarkinsa: adali, azzalumi, ko mai bin iska. Ba a sauyawa. Mudassir ne mai ba da labari, shi ke faɗin abin da halin ya jawo.

Ƙasim, maƙwabcin su Najwa da ya daɗe yana sonta ba ta amsa ba, azzalumi ya zaɓa.

"A yanka masu unguwanni, a rataye kawunan a ƙofar gari," in ji shi. "A cinna wa rumbuna wuta."

"An yi," in ji Mudassir. "Jini ya cika kwata. Ka sami dawakai. Amma ƙanen ɗaya daga cikin waɗanda ka yanka shi ne mai gadin ƙofa."

"Ai kuwa yau ba zai kulle ba," in ji Najwa.

Mudassir ya ɗago kai. "Malama, kin taɓa yi ne?"

"Sai na yi? Wa zai tsare ƙofar wanda ya kashe masa ɗan'uwa?"

Ƙofa ta kwana a buɗe, maƙiya suka shiga, aka ja gawar sarkin Ƙasim a ƙasa. Samari suka yi ta dariya. Ƙasim bai yi ba.

Bayan ya karɓi lambarta, saƙonsa ya zo: "Gimbiya, akwai ƙasar da ba ta da mai riƙo."

Ta amsa: "Sarkin murafe, ba na zama cikin maza. Ka jefa mini, ka turo labari. Adala ce ni."

Haka ta yi mulki ta waya har damina ta wuce. Ƙasarta ta sha fari, ta buɗe rumbuna, ba wanda ya yi mata tawaye. Wata rana ya rubuto: "Gimbiya, talakawanki sun ce ki yi aure. Ni ne wakilinsu, ni ne kuma ɗan takara."

Ƙasim ya riga manyan Mudassir zuwa wurin mahaifinta, Malam Bashari, mai makarantar Islamiyya. Ya ce caca ake yi a shagon.

"Ba na ba ɗan caca 'yata," in ji Malam.

"Baba, ko sisi ba a sawa."

"Da ƙwaya ake jefawa?"

"Da ita."

"To an gama magana."

Ranar kasuwa Najwa tana wurin masu atamfa ta ji ihu. Ƙasim ne ya zo shagon Mudassir da wasu samari da gorori. Suka farfasa kantar, suka tattake wayoyin mutane. Gora ɗaya ta karya hannun Mudassir, ta biyu ta tsaga masa goshi. Da 'yan kasuwa suka taso sai samarin suka gudu, Ƙasim ya yi tuntuɓe. Aka rufe shi da duka. Najwa ta ga haƙorinsa a ƙasa. Ta ga wani ya cicciɓo bulo da hannu biyu.

Mudassir ya rarrafo ya kwanta a kansa. Sanduna biyu suka sauka a bayansa kafin a ankara.

"Shagona ne, kaina ne!" yake cewa, jini na shiga masa baki. "Ku miƙa shi ga hukuma!"

Mai bulon ya ajiye.

Malam ya ji labarin daga bakin uban Ƙasim da kansa. Ya tafi asibiti, Najwa na biye da shi da kwanon abinci. Ya ce a nuna masa wasan. Aka shimfiɗa yagaggen kwalin a kan gado, Mudassir ya yi bayani da hannu ɗaya.

"Idan sarki ya kama wanda ya fasa masa kai," in ji Malam, "ƙwayar ce ke yanke hukunci?"

"A'a, Malam. Halin da ya faɗa tun farko."

Malam ya ɗauki ƙwayar ya jefa a aljihu.

"Wannan dai ba za ta shiga gidan 'yata ba. Ku nemi ƙwallon dabino a madadinta. Ka turo manyanka."

An ɗaura auren a Gammo bayan girbi, tabon na nan a goshin ango. Malam ya yi addu'a Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai tausayi, jama'a suka shafa.

Ana shirin kai amarya saƙonsa ya shigo: "Gimbiya, wane hali kika zaɓa wa sabuwar ƙasarmu?"

Ta rubuta da yatsu masu lalle: "Wanda na gani a kasuwa. Kuma ka san doka, ba a sauyawa."