Sarƙar Ƙofar Baya

Gab da magariba Callistus ya tafi zauren bikinsa da ke Sabon Gari don ya duba jerin kujeru. Washegari za a yi liyafar auren 'yarsa Ƙauna a ciki.

Zauren ƙofa biyu gare shi. Ta bayan ya daɗe da ɗaure ta da sarƙa da kwaɗo, saboda masu shigowa cin shinkafa ba gayyata. Duk ranar da ma'aikatan kashe gobara za su zo dubawa kafin a sabunta masa lasisi, sai ya kwance. Suna fita ya mayar.

Babu wuta. Ya kunna fitilar wayarsa yana bin layin kujeru. Sai ya ji ƙauri, irin na wayar lantarki in ta narke.

Sarƙar ta yi ƙara.

Ya juya hasken. Mutane ne cunkushe a bakin ƙofar bayan, duk sun ba shi baya, sanye da ankon da matarsa ta zaɓa wa bikin. Suna dukan ƙarfen da tafukan hannu, amma ba mai ihu. Tari kawai, ƙasa-ƙasa. Hayaƙi na saukowa daga silin.

A tsakiyarsu akwai mai farar rigar amarya.

Ba ta juyo ba. Cikin raɗa ta ce, "Baba, ina makullin?"

Ya laluba aljihu. Yana nan, ya yi zafi har ya ƙone masa yatsa.

Hannuwan suka tsaya.

Kawuna suka fara juyowa a hankali.

Bai jira ya ga fuska ba. Ya ruga, ya ci karo da kujeru, ya ƙarasa waje da rarrafe.

A gida ya tarar ana yi wa Ƙauna kitso, lafiyarta lau. Ta tambaye shi me ya sami hannunsa. Ya kasa haɗa ido da ita.

Da sassafe ya kwance sarƙar, ya kira mai gyaran wuta. Mutumin ya zaro wata waya daga silin, ta riga ta yi baƙi. Ya tambaya ko a haka ake tara jama'a a nan. Callistus ya ce masa ya canza ta.

An yi biki lafiya. Da aka kira uban amarya, ana yabon sa da iya kula da baƙi, zauren ya ɗauki tafi. Bai tashi ba. Kansa na sunkuye har aka gaji aka daina.