Tururuwa Bisa Duwatsun Kakanni

Ran Juma'a, mutane na hitowa daga masallaci, anka iske Ciɗo mai gadin jardan ɗin bakin kori, hanyar ruwan damina, kwance ba rai, ƙeya rotse. Kahin la'asar Ensipekta Abdurazak ya iso bisa babur.

Meri, hukumar gari, ta yi jardan ɗin, lambu ne don iyalai su sha iska. Tsakiyarshi akwai tsibin duwatsu, kushewar waɗanda sunka sari unguwar. Shekara ashirin Ciɗo na tsaronsu, ko tsakuwa bai bari an ɗauka ba.

Sai dai ruwan yanzu ba shi da kunya. Ya ƙi zuwa, ran da ya zo ya zo duka. Bara kori ya cinye gehen jardan da gidaje bakwai. Shi ya sa meri ta sa a jera shingen dutse.

Muktari, shugaban masu aikin shingen, shi ya tari ensipekta.

"Yallaɓai, kada ka wahala. Almustafa Buzu ne. Shekaranjiya sun yi cacar baki kan awaki."

"Kai kana ina?"

"Masallaci, sahun gaba."

Anka kai Almustafa komisariya, wurin 'yan sanda. In ba a samu wani ba, kanshi za ta ƙare.

"Awakina sun ci dashe, ya zage ni, na rama," in ji shi. "Da marece ya aiko mini goro, na aika mishi cuku. Wa ke kashe wanda ya ci goronshi?"

Ensipekta ya san zancen cukun gaskiya ne. Da hannunshi ya ciro guntun cuku daga aljihun gawar.

Wanshekare ya tahi wurin Kaltumi, matar mamacin, tana cikin takaba.

"Inna, mi ya hana shi zuwa Juma'a?"

"Ƙahwa ta kumbura, ɗana. Ya ce zai yi sallarshi gindin tsamiya. Jiya da sahe ma shi ya buɗe muna ƙohwar jardan."

"Ku wa?"

"Mu mata. In ruwa ya yi jinkiri muna zuba hura da zuma bisa duwatsun kakanni. Malamai na hwaɗa, mu muna zubawa."

Ya koma jardan, ya duƙa gun tsibin. Gurabun duwatsu tara da anka cire, ƙasa ɗanya, an share sawu da reshe. Ya buga waya meri. Anka ce kamyo, babbar motar ɗaukar dutse, sati biyu shina garaji.

Ya kira Muktari, sunka bi shingen a ƙasa.

"Aiki ya yi gaba, Malam Muktari. Ina ka samu dutse?"

"Kamyo ya kawo."

"Yaushe?"

"Laraba."

Ensipekta ya tsaya. Duk tsawon shingen duwatsu ja ne, busassu. A ƙarshe, daidai inda kori ke karyawa zuwa gidaje, guda tara sun yi baƙi ƙirin da tururuwa.

"Kamyon naku zuma yake ɗaukowa?"

Ensipekta ya nuna mishi duwatsun tara.

"Tururuwa ba ta bin dutsen banza. Hurar mata ce ta jiya. Waɗanga sun bar kushewa bayan hantsi, kai kuwa ka ce kana sahun gaba. In kira liman?"

Muktari ya zauna ƙasa.

"Gidana ne na hwarko can ƙasa," ya ce. "Bara ruwa ya tahi da ɗiyata Raƙiya. Kwana uku hadari na haɗuwa gabas, shinge da giɓi, kamyo babu. Na ce matattu sun yi barcinsu, yarana biyu sun rage. Na ɗauka Baba Ciɗo ya tahi masallaci."

"Sai?"

"Ya iske ni, ya riƙe baron da na loda duwatsun. Ya ce, 'Ɗana, maida su, gobe in bi ka meri mu yi musu kuka.' Na ce gobe ta yi nisa. Na ture shi. Sau guda, wallahi."

"Ka bar shi nan, ka ƙarasa jera dutse, ka kuma ɗora wa Buzu."



Abin da Muktari bai hwaɗa wa ensipekta ba, unguwa duka ta sani. Bara, da maza sunka tsaya bakin kori suna salati, Ciɗo ne ya ɗaura igiya a ƙugu ya shiga, ya hito da gawar Raƙiya don uwarta ta samu abin yi wa wanka. Wanga bashi ba a biyan shi. Ga yadda anka biya.

Anka sa wa Muktari ankwa. Anka saki Almustafa, ya wuce gidan Kaltumi gaisuwa kahin ya nemi awakinshi.

Motar 'yan sanda ba ta kai kwalta ba ruwa ya kece. Kori ya cika, ya daki duwatsun tara, ya juya. Gidan Muktari ko zaure bai jiƙa ba.

Da meri ta aiko tambaya ko a maida duwatsun kushewa, Kaltumi ta ce, "Ku bar su. Akwai yara biyu gidan."