Gaskit Mai Kauri a Ɓangaren Dama

Motar Torvald Eklöf ba ta kai rabin fili ba injin ya fashe. Ruwa ya kwarara ƙarƙashin tayoyin baya, tsohuwar motar Amurkan ta juya ta daki shingen kankare. Kafin motar asibiti ta iso tsohon filin jirgin da 'yan garin Vansbro ke tseren mota a kai, Torvald ya cika.

Ba a kai ga binne shi ba gari ya gama yanke hukunci. 'Yarsa Ylva ce ta haɗa injin, karo na farko da ya bar mata aikin ita kaɗai. Mutanen garinmu ba sa zagi. Sai dai su kawo miki burodin kirfa, su dafa kafaɗarki, su ce kowa na iya kuskure. Ylva ta daina fita, ta daina cin abinci, don ita ma ta fara yarda cewa ita ta kashe ubanta.

Sufeto Gunvor Sjödin ta sa aka kwance injin a garejin 'yan sanda. Fistin takwas gare shi, huɗu hagu huɗu dama, kowane ɓangare da murfinsa, tsakanin murfi da jikin inji kuma akwai gaskit, siririn faifan da ke toshe tsakaninsu. Na dama mai kauri ne, na hagu siriri. A hagun ne fistin ya daki murfi.

Ta sami Ylva a kicin, kofi ya huce a gabanta.

"Me ya sa kaurinsu ba ɗaya ba?"

"Fuskar injin ta hagu ta fi ta dama ƙasa. An goge ta da yawa tun kafin Baba ya sayi injin. Bambancin bai kai kaurin farce ba, amma fistin na leƙowa. Mai kauri hagu, siriri dama."

"A juye muka same su."

"Na sani, babu wanda bai faɗa min ba. Da farko ina iya rantsewa daidai na sa. Yanzu ban san abin da na sa ba."

"Wa ya san da bambancin?"

"Ni da Baba. Sai Hilding mai gyaran fuskar inji, da Baffa Rune."

Gunvor ta fara da Sixten, abokin hamayyar Torvald a tsere, don sunansa ne a bakin 'yan tsirarun da ba su ɗora wa Ylva laifin ba. Ya gyara tabar da ke ƙasan leɓensa, ya yi dariyar da ba ta da daɗi.

"Gaskit biyu daban? Ashe abin da tsohon ɓarawon ke ɓoye min ke nan. Sufeto, da ni ne, yashi zan zuba masa a tanki in tafi gida."

Sixten yana Norway yana aikin hanya duk watan, an kuma tabbatar. Hilding kuwa ya san sirrin, amma ciwon gaɓɓai ya murɗe masa yatsu. Da hannu biyu yake ɗaga kofi, balle murfin inji.

Gunvor ta koma gareji ta kanga gaskit mai kaurin a hasken taga. Akwai ɗan zagayayyen tabo a jikinsa. A fuskar dama babu abin da zai yi wannan tabon. A fuskar hagu akwai tsohon rami da aka toshe da ƙarfe, kuma da ta ɗora, tabon ya zauna a kansa daram. Gaskit ba ya ɗaukar shaida sai an matse shi. An fara ɗaure shi a hagu ke nan, daga baya wani ya kwance ya sauya.

Sai ruwan da ya rage a lagireto. Ja ne, mai santsi a yatsa. Ta buga wa Ylva waya.

"Me kika zuba wa injin?"

"Ruwan famfo. Dokar fili ta haramta zuba maganin hana ruwa daskarewa, santsi gare shi kamar sabulu."

Rune, ƙanin Torvald, injinan sare itace yake gyarawa. Ta same shi a bakin daji kusa da a-kori-kurarsa. A bayan motar akwai jarkokin maganin hana ruwa daskarewa, ruwan cikinsu ja.

"Shekara nawa kana haɗa wa yayanka inji?"

"Tun Ylva na goye."

"Bana ya karɓe ya ba ta."

"'Yarsa ce."

"Ranar da yayanka da Ylva suka tafi garin Mora sayo taya ka shiga garejinsu. Ka zubar da ruwan, ka sauya gaskit ɗin. Da za ka mayar da ruwa, sai ka tuna famfon yana gaban tagar kicin, matar yayanka kuma tana zaune a wurin. Shi ya sa ka ɗauko abin da ke motarka."

Rune ya juya ya kalli jarkokin.

"Inji kawai na so ya lalace," ya ce. "Ya lalace a gaban mutane, yayana ya gane yarinya ba ta isa ba, ya dawo ya ce Rune, zo ka duba min."

"Kai ka ɗauki akwatin gawarsa. Kai ka ce mata kowa na iya kuskure."

"Na faɗa." Ya zauna a kan kututture. "Torvald ya ji, kin sani? Muna ɗumama injin ya ji ƙaramar ƙwanƙwasa. Ya dube ni, ya dubi Ylva can tana tsaye cikin mutane tana murmushi. Ya ce min a hankali, in na kashe yanzu, za su ce aikinta ne. Sai ya saka hular kwano."

"Kai kuma ka yi shiru."

"Na yi shiru."

Gunvor ta daɗe a aikin nan, amma ba ta taɓa jin ƙyamar mutum kamar ranar ba. Ta sa masa ankwa, ko da yake bai nuna alamar gudu ba.

Da yamma ta koma kicin ɗin, ta ajiye gaskit mai kaurin a kan tebur, ta nuna tabon, ta yi bayani daga farko har sunan Rune. Ylva ta shafa tabon da yatsa, hawaye na zuba.

"Daidai na sa ke nan."

"Daidai kika sa."

Ta share fuska, sai ta ɗago.

"Amma Sufeto, injin zai yi ƙara tun ana ɗumama shi. Baba daga tsakar gida yake jin noti ya kwance. Me ya hana shi kashewa?"

Gunvor ta so ta ce ba ta sani ba. Amma Rune zai faɗa a kotu, gari kuma zai kawo mata labarin tare da burodin kirfa. Ta ja kujera ta zauna kusa da ita.

"Ya ji," ta ce. "Bai so a ce ke ce ba."