Mawaƙin Da Ya Sayar Da Amshi

Mai Molo bai taɓa rera waƙa shi kaɗai ba. Salonsa ke nan: ya ja baiti zuwa rabi, ya ɗaga hannu, jama'a su ƙarasa. Shekara ashirin yana haka, a rumfar teloli, a harabar makaranta, a tsakar gidansa. Yayansa ke kaɗa masa ganga, matarsa da 'yarsu ke jan amshi. Kowa na son sa, amma ƙauna ba ta hana rufin ɗakinsa yoyo ba. Ran da ya ga wani tsohon ɗan amshinsa cikin mota, abin ya tsaya masa a rai.

Da rana tsaka ya je wurin boka, a bayan wata rusasshiyar masaƙa. Ɗakin ba taga. Tukwane ne jere a jikin bango, kowace an ɗaure bakinta da fata. A kusurwa ga baƙin zakara, an naɗe masa baki da jan zare.

"Murya kake so, ko abin da murya ke kawowa?" in ji boka.

"Duka biyu."

"To, za ka bar mini amshi."

Mai Molo ya yi dariya. "Amshi? Ai kyauta ake ba ni shi."

"Na sani. Ka yarda?"

"Na yarda."

Boka ya yanka zakaran, ya shafa jinin a bakin sabuwar tukunya, ya ce ya sunkuya ya rera a ciki. Mai Molo ya ja baiti zuwa rabi, ya ɗaga hannu yadda ya saba. Daga cikin tukunyar aka ƙarasa, da muryar yayansa. Ya ji sarai. Kada wani ya ce bai ji ba.

Kwana huɗu bayan nan yayan ya kife a kan ganga ana tsakiyar amshi, ya mutu. Muryar Mai Molo ta yi kauri, gidajen rediyo suka fara nemansa. Aka gina bene, aka sayi mota. Teloli biyu masu amsa masa suka bi yayan kabari. Matarsa ta faɗi a wurin taro, bakinta buɗe, kalmar ƙarshe ba ta fita ba. Bai yi kuka ba. Ya wanke fuska ya tafi wasa na gaba.

Daga nan ya daina ɗaga hannu. Ya kira 'yarsa ya ce, "Ko kin ji ina waƙa, kada ki amsa."

"To, Baba."

Amma hannu ya riga ya saba. Wani hantsi yana ɗaure tsirkiyar molo, yana ɗan rerawa ƙasa-ƙasa, baiti ya kai rabi, hannun ya tashi da kansa. Yarinyar tana shanya a tsakar gida. Ta ƙarasa, kamar yadda ya koya mata tun tana goye.

Ita ba ta mutu ba. Tana yawo a titi ba takalmi, leɓɓanta na motsi, babu sauti.

Bene ya tafi, mota ta tafi. Yanzu Mai Molo na zaune a gindin wata katanga. In ya ɗaga hannu, masu wucewa su toshe baki su ƙara sauri. Amshin na zuwa duk da haka, daga cikin maƙogwaronsa: yayansa, matarsa, da siririyar muryar 'yarsa.

Kai mai kwaɗayi, in boka ya ce ba ya son kuɗinka, tashi ka fita. Mutanenka yake so.