Telan Da Aka Ce Yana Bin Mata

Da idona na gani, wannan idon na dama, wanda ko likita ya duba sai ya sara masa! Ni mai gyaran famfo ne, babu gidan da ban shiga ba a layinmu, kuma mutane sun ɗauka mai gyaran famfo kurma ne. To, ba kurma ba ne.

Ranar ina tsakar gidan su Auta, kaina a ƙarƙashin tanki, Tela ya zo hira da yamma. Yaro ne mai kunya, ɗinkin mata yake yi a bakin titi, an kusa sa musu rana shi da Auta. Yana zama ta fara.

"Ka shiga sabon dandalin nan ko?"

"Wane dandali kuma?"

"Na waya mana. Duk teloli sun buɗe akawun, suna fostin ɗinkinsu. Kai kaɗai ka rage, sai ka ce kakana."

"Ni kekena ya ishe ni, Auta. Inna ta ce kasuwar da ba ka ganin fuskar mutum, kada ka kai kayanka."

"Inna ta ce, Inna ta ce. Kawo wayar — ni zan yi maka."

Ya miƙa mata. So kenan, ko ɓera ya kama sai ya kai wa mage gaisuwa. Ta buɗe masa, ta zuba hotunan riguna, sannan ta bi duk wata kwastomarsa tana dannawa.

"Wannan folo ne. Ka bi su, su bi ka, sai aiki ya zo."

Aiki kuwa ya zo. Har Inna, tsohuwarsa, ta ce a ɗinka mata shuɗiyar rigar da za ta sa ran biki. Ya ɗinka, ya rataye a shago cikin leda.

To, akwai Gwaggo, yayar baban Auta. Ita ta goya shi yana jariri, saboda haka in ta yi tari shi ke cewa sannu har sau uku. Wata rana ta zo gidan, ni kuma ina nan don famfon ya sake lalacewa (wasu na cewa da gangan nake barin sa, Allah ya isa). 'Yarta tana nuna mata rigunan Tela a waya, sai Gwaggo ta dangwala yatsa.

"Waɗannan fuskokin fa?"

"Waɗanda yake bi ne."

"Yake me?"

"Yake bi, Mama."

"Duka mata?"

"Eh mana, ai—"

Ba ta bari ta ƙarasa ba. Ta kira ƙaninta.

"Zo ka ga surukinka. Na ga mai bin mata a ɓoye, amma ban taɓa ganin wanda ya jera su da hoto yana nuna wa duniya ba."

Auta ta fito da gudu, hannunta duk kumfar wanki.

"Gwaggo, ba irin wannan bin ba ne. Folo ne kawai. Wallahi ni na danna masa, da yatsana."

"Kun ji ko? Tun ba a kai ta ba har ta iya yi masa ƙarya."

'Yar Gwaggo ta yi bayani, Tela ya zo ya durƙusa ya yi bayani, har ni na fito da kai daga ƙarƙashin tanki na yi nawa. Ina kallon idonta, na rantse a ranar ta gane. Amma ta riga ta faɗa a gaban yara, kuma babba ba ya lashe amansa.

"Bi dai bi ne," in ji ta. "In ana auren nan, a cire ni daga dangi."

Baban Auta ya dubi ƙasa. Aka mayar wa Tela kayansa.

Auta ta yi kuka har fuskarta ta kumbura. Ta aika masa cewa su ci gaba a ɓoye, ya ce a'a, ta ƙofa ya shigo, ta ƙofa zai dawo. Ya goge akawun ɗin, kwastomomi suka watse, surutu bai watse ba. Matan aure suka daina kawo ɗinki, wai mazansu sun hana. Masu neman Auta suka yi ta zuwa, tana gaishe su da ladabi, tana raka su da ladabi.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. A cikinta Inna ta kwanta. Na je duba ta, ta ce da ɗanta, "Rigar nan kada asu ya ci ta." Ba ta ƙara sati ba.

Sai ga shi ɗan Gwaggo da ke aiki a nesa ya aiko mata da babbar waya, aka buɗe mata dandalin don ta riƙa ganin jikoki. Daɗi ya kwashe ta. Mai wa'azi, mai maganin gwiwa, mai karanta labarai, kowa ta gani sai ta danna. Ran nan dangi sun cika falo, ta miƙa wa Auta wayar.

"Ke, duba min, ta ƙi magana."

Auta ta duba, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta kai wa babanta da hannu biyu, murya ƙasa-ƙasa.

"Baba, waɗannan su ne waɗanda Gwaggo take bi."

Gemu, gemu, gemu, har ƙasa. Har ɗigar famfona ana ji daga falon. Baban Auta ya ɗago, karo na farko tun da aka haife shi.

"Yaya, bi dai bi ne?"

Aka yi aure. Tela ya sake buɗe akawun, amma sai da ya zaunar da surukinsa ya nuna masa kowane maɓalli. Gwaggo kuwa ta je shago, ta tsaya gaban shuɗiyar rigar nan, ta fashe da kuka ta ce, "Ɗana, ka yafe min."

To yara, ku ji. Haƙuri yana biya, amma ba ya dawo da wanda ya tafi. Kafin ka shiga sabon wuri, ka fara koya wa na gida yarensa. Kai kuma babba, in ka yi kuskure ka tofar tun yana ɗanye, don girman kai ba a kanka kaɗai yake faɗuwa ba.

Duk wannan na gani, ban rage komai ba. Abu ɗaya kawai na ƙara daga aljihuna: zuwan Gwaggo shago. Ba ta je ba. Ran biki ita ce a gaba, tana gaya wa mutane ita ta haɗa auren. Rigar Inna kuwa tana nan a rataye cikin ledarta, in ka wuce ka leƙa.