Bayan Waliyyiya Barbara

Ranar da Chundung ta fara ganin Romanus, saura kaɗan ta ƙwala masa tsintsiya. Sharar coci ta shigo, ta tarar da baƙo tsaye a kan benci yana auna kafaɗar Waliyyiya Barbara da tef, sai ka ce tela.

"Malam, sauka! Ka san ko wace ce wannan?"

"Na sani mana," ya ce yana murmushi. "Ga hasumiya mai taga uku a hannunta, ga reshen dabino. Ita ce mai yi wa masu haƙar kuza addu'a. Ke ce dai ban sani ba."

Waliyyiyar ta katako ce. An ce wani Bature mai haƙar kuza ne ya kawo ta, kuma tun a ƙasarsu ta kwashe ɗaruruwan shekaru. A wani lungun bango take tsaye, ba mai motsa ta. Da gara ta ci ƙafafunta, Fada ya ɗauko Romanus masassaƙi ya yi sabuwa, a adana tsohuwar.

Daga nan hanyar Chundung ta zuwa Farin Gada sayen kayan miya ta koma bi ta shagonsa a unguwar Congo-Russia, wai ta fi kusa. Ta kamu da sonsa, ba ta kuma ɓoye ba. Oga Gizago take ce masa.

Babanta shi ne katikis na cocin, kuma ya fi son ta auri Opeyemi, mai kiɗa a ƙungiyar waƙa. Duk da haka ya yarda ya je ganin aikin. Fuskar sabuwar waliyyiyar ta yi kyau, hasumiyar ta fita. Sai ya zagaya baya, ya ga an rarake katakon kamar turmi.

"Baba, don kada ya tsage ne in ya bushe," in ji Romanus.

"Gaba kyau, baya rami! Wanda ya yi wa waliyyiya haka, me zai yi wa 'yata?" Ya kaɗa rigarsa ya fice.

Chundung ta yi kuka har ta gode Allah. Da yamma saƙo ya shigo wayarta: "Chun tawa, wallahi ban cuci kowa ba. Haka aka koya mini aikin. Ki ci abinci don Allah."

Ta mayar masa: "Na yarda da kai, Oga Gizago. Baba ne ban san ta inda zan ɓullo masa ba."

Ranar Asabar aka zo sauke tsohuwar. Katikis ya ce ba mai taɓa ta sai shi. Ya hau benci, ya rungume ta, ya kai hannu baya don ya tallabe. Hannun ya shige har gwiwa.

A hankali ya juya ta. Rami ne tun daga kafaɗa har ƙasa, ga sawun gizagon wani masassaƙi da ya daɗe da barin duniya.

"Baba?" in ji Chundung.

"Tun ina yaro nake durƙusawa a gabanta," ya ce. "A nan na roƙi Allah ya ba ni ke." Ya share ido, sai kuma dariya ta kuɓuce masa. "Kira mini yaron nan."

Chundung ta zauna daɓas a kan benci ta saki ajiyar zuciya, ji take kamar an sauke mata buhun dankali daga ka.

A gaban sabuwar waliyyiyar aka ɗaura auren, Opeyemi ne ma ya yi kiɗa. Da aka fito, Katikis ya jawo ango, ya juya shi, ya ƙwanƙwasa bayansa da yatsa yana kasa kunne.

"Wannan kam a cike yake," ya ce. "Ɗauke ta, ɗana. Allah ya yi muku albarka."